Ƙaryar da Na Yi wa Jirgin Baba Gado

Jiya da hantsi na zagaya bayan rumfa na tarar da jirgin da kuka gama, an shafe shi da kwalta, an jingine shi yana jiran mai shi. Na leƙa bangon goshi, babu tambari. Na tambaya, ɗayanku ya ce mini hura wuta da gasa ƙarfe ɓata lokaci ne, ai mai jirgi ba rubutu ya zo saye ba. Wani kuma, a gabana, ko kunya babu, ya ce ai kowa ya san irin jirgin nan, ɗan Bature, ko da tambari ko babu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu kuma bai huce ba. Don haka ku ajiye guduma ku zauna, yau babu wanda zai buga ƙusa sai na gama magana.

Kuna ganin aikin nan wasa ne saboda an kawo muku katako a yanke, an kawo ƙusa a kwali, inji yana goge muku abin da muke kwana biyu muna sassaƙa da gizago. Ni shekarata ta fari a wannan bakin ruwa na Yelwan Yauri ban taɓa zarto ba. Aikina biyu ne: miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, da murza auduga a cinya har ta zama igiyar da ake cusawa tsakanin katako da katako. In na murza ta yi kauri, a jefo mini ita. In ta yi siriri, a jefo mini ita. Cinyata ta dama har yau gashi bai sake fitowa a wurin ba. Wanda yake jefo mini audugar shi ne Baba Gado, maigidana, kuma sunansa ne ke jikin ƙarfen nan da kuke ƙyashin gasawa.

Baba Gado Bagunge ne, cikin Gungawa mutanen tsibiri. A tsibiri aka haife shi, cikin tsakiyar kogin Kwara, kafin a datse ruwa a Kainji tafki ya hau ya shanye garinsu. Bai shiga boko ba, ko allo bai yi nisa ba. Ma'auninsa igiya ce guda ɗaya mai ƙulle-ƙulle, kullum tana rataye a wuyansa, kowane ƙulli da abin da yake nufi, kuma shi kaɗai ya san karatunta sai ni da ya koya wa daga baya. Ba shi da yawan magana. In ka yi aiki ya yi kyau, sai ya wuce bai ce komai ba. In ya lalace, sai ya tsaya a kanka shiru har ka gano da kanka inda ka ɓata.

Akwai wani jirgi da aka jawo mana daga wajen Wara, goshinsa a farfashe kamar an sare shi da gatari. Wannan gyaran shi na fara riƙe wa Baba katako a kansa. Abin da ya faru da shi, shi ne ke faruwa da jirage da yawa a lokacin. Da tafki ya hau, itatuwan da ke tsaye a gonaki da garuruwa ba duka aka sare ba. Suna nan a ƙarƙashin ruwa, sun bushe sun yi tauri kamar ƙarfe. In ruwa ya ja baya, kawunansu sai su taso dab da sama, ido ba ya ganinsu. Ga kuma injin da mutane suka fara ɗaurawa a gindin jirgi, gudu ya ƙaru. Jirgi ya sha kaya, ya zo a guje, ya daki kututture da goshi, katako ya tsage, ruwa ya kwararo daga gaba har baya. Kafin a ɗauki ƙwarya a fara kwarfewa an nutse. Mata da buhunan albasa da awaki, duk tare.

Kowane kafinta yana toshe ramin ya karɓi ladansa ya sallami mai jirgi. Baba kuwa sai ya tsuguna ya auna ramin da igiyarsa: nisansa daga goshi, tsawonsa daga ƙasa, ta wane gefe katakon ya fara tsagewa. Ya yi haka da kowane fasasshen jirgi da ya shigo hannunmu, damina uku. Daga nan ya fara sassaƙa 'yan ƙananan jirage da gwangwala, kamu guda guda, ya kafa turke a cikin ruwa mara zurfi, ya ɗora musu tsakuwa a matsayin kaya, yana tunkuɗa su suna dukan turken. Dattijo da furfura, zani a ɗaure, ruwa iya gwiwa, yana wasa da jirgin yara. Masunta suna wucewa suna dariya. Har cewa aka yi ruwan da ya ci garinsu ya taɓa masa kai.

Abu biyu ya fito da su daga wannan wasan, kuma su kuke yi kullum ba ku san ciwonsu ba. Na ɗaya shi ne takalmi: katakon ƙawo mai kauri da ake lanƙwasawa da wuta a ƙarƙashin goshi, yadda in jirgi ya haɗu da kututture zai hau kansa ya zame, maimakon ya dake shi gaba da gaba. Na biyu shi ne bango: katako a tsaye daga gefe zuwa gefe, kamu uku daga goshi, a cuse shi da auduga a shafe da kwalta ta ciki da waje. In takalmi ya gaza goshi ya fashe, ruwa iyakarsa bangon nan. Me ya sa kamu uku, ba biyu ba, ba huɗu ba? Saboda duk ramukan da ya auna a damina ukun nan, babu wanda ya wuce nan. Ku da kuke matsar da shi yadda kuka ga dama don katako ya ishe ku, ku ji da kyau.

Na farkon da muka ƙera, da kansa ya gwada shi. Muka loda masa buhunan yashi, muka ari inji, ya sa na sauka. Ya san inda wata tsohuwar tsamiya take a nutse, ya nufe ta da gangan da rana tsaka, mutane suna kallo daga gaɓa. Karo na fari jirgin ya hau ya zame. Ya juyo ya sake, ta gefe, har goshin ya fashe, muna jin ƙarar daga tudu. Jirgin ya sunkuyar da kai kaɗan, ya tsaya a haka. Baba ya tuƙo shi har gaɓa, ƙafarsa ko jiƙewa ba ta yi ba.

Kuna tsammani washegari aka yi layi a rumfarmu? Ko mutum ɗaya. Waɗanda suka gani da idonsu suka ce sa'a ce. Wasu suka ce ai Gungawa da ruwa sai Allah, wani abu ya binne a goshin. Masu kaya kuma suka ce bangon ya cinye wurin buhu uku. Amma maganar da ta fi yawa, wadda har yau in na tuna sai jinina ya tafasa, ita ce: wa ya koya masa? A ina ya gani? Wato mutum baƙi, ɗan tsibiri, ba zai zauna da kansa ya yi tunani ya fito da abu ba, sai dai ya gani a wurin wani.

Sai ga muguwar shekara, wadda ta zo dab da a yanke mana jiharmu daga Sakkwato. Ruwa ya ja baya fiye da yadda aka saba, kifi ya yi wuya, katako da ƙusa suka yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Babu mai sayen sabon jirgi, kowa faci yake yi a kan faci. Mu kuwa Baba ya zuba duk abin da muke da shi a jirage huɗu masu bango, suna jere a nan inda kuke zaune, rana tana dukansu. Kullum da safe sai na ɗebo ruwa na yayyafa musu don kada su tsattsage. A gidana tuwo ya koma sau ɗaya a yini, a gidan Baba ma haka, ga shi ya ƙi ko jin maganar a cire bangon a sayar da su kamar sauran jirage.

Ranar da Alhaji Bawa ya zo, Baba ya tafi Shanga duba wani icce. Alhaji Bawa shi ne babban mai safarar albasa a lokacin, in ya sayi abu kowa sai ya saya. Ya zagaya jirgi ɗaya, ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa.

Ya ce, "Umaru, wanga bango na mine ne? Wurin buhu ukku kunka cinye man."

Na yi masa bayani tun daga kututture har tsamiyar da aka daka. Yana saurare yana kaɗa kai.

Ya ce, "Na jiya. To wa yak koya ma Gado? Don ni ba ni sa dukiyata cikin wasan gwangwala."

Ya juya zai tafi. Na dubi bayansa, na dubi jiragen nan huɗu. Bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "Alhaji, ai ba a so a hwaɗi ne. Wani Bature na, cikin waɗanda sunka yi aikin dam. Shi yaz zana ma Baba a takarda kahin shi koma ƙasarsu."

Babu wani Bature. Baba Gado bai taɓa tsayawa kusa da Bature ba balle ya karɓi takarda a hannunsa. Amma Alhaji Bawa ya tsaya cak, ya dawo, ya sake ƙwanƙwasa bangon, wannan karon a hankali, kamar mai gaida surukinsa.

Ya ce, "Haba! Ni dai na san da wata a ƙasa. Dubi aiki, don Allah. Su waɗanga mutane ba su yin abu banza." A ranar ya ɗauki biyu.

Ba a yi wata biyu ba, ɗaya daga cikinsu ya taso daga Wara ranar kasuwa, cike da albasa da mata, ya daki kututture a tsakiyar ruwa. Goshi ya fashe, bango ya riƙe, aka fito da kowa, ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Kafin sati labari ya kai Ngaski ya kai ƙetare. Sauran biyun suka tafi, aka fara yi mana layi. Kuma duk wanda ya zo, abu ɗaya yake cewa: a yi masa ɗan Bature.

Baba ya ɗauka wani sunan banza ne irin na bakin ruwa, bai kula ba. Sai ranar da Alhaji Bawa ya zo godiya, ya same mu muna lanƙwasa takalmi a kan wuta. Ya kama hannun Baba da hannu biyu.

Ya ce, "Malam Gado, Allah shi saka ma Baturen da yak koya maka wanga aiki. Kai ma Allah shi yi ma albarka da kar riƙe abin da anka ba ka."

Alhaji ya yi sallama ya tafi. Baba bai saki katakon ba, don in ka saki ƙawo a kan wuta ya tashi aiki. Sai da muka ɗaure shi ya huce, sannan ya juyo.

Ya ce, "Umaru, wane Bature?"

Na faɗa masa duka. Na ce yunwa ce, na ce jiragen za su tsage, na ce ai ga shi yanzu rayuka sun tsira. Duk gaskiya ne, kuma duk bai amfane ni da komai ba.

Ya ce, "Da ka ce aljani yak koya man, da ya hi man sauƙi. Aljanin ko banza na ruwanmu na." Ya ƙara da cewa, "Kas sai da jirgi, kab ba da ni gyara."

Bai kore ni ba, bai sake tayar da maganar ba. Da ya zage ni ko ya ɗaga mini gizago, da na fi samun sauƙi. Na shiga bin mutane ina warwarewa, a kasuwa, a masallaci, a bakin ruwa. Sai su yi murmushi su ce Umaru yana son maigidansa. Wani ma ya rantse mini ya san Baturen, dogo ne mai jan gemu, har ya taɓa ɗaukar masa jaka. Mutumin da na ƙirƙira da bakina ya samu gemu da jaka, Baba Gado da ke tsaye a gabansu da igiya a wuya an rasa mai ganinsa.

Da aka ba mu jiha, gari ya ɗauki murna, kowa yana cewa yanzu za a san mu. Ana nan sai ga wani jami'i ya zo daga babban birnin jiha, matashi mai hankali, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya ce suna haɗa ɗan littafi na 'ya'yan sabuwar jiha da suka yi abin a zo a gani: likitoci, alƙalai, malaman jami'a, da masu sana'ar hannu. Ya ce shi kansa ya yi karatu a ƙasar waje, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda ake ɗauka baƙar fata bai iya ƙirƙirar komai ba. An ba shi labarin jirgin da ba ya nutsewa, ya zo ya gani. Na ce a raina, Allah ya kawo ranar gyara.

Na shimfiɗa masa tabarma a nan. Na kawo 'yan jiragen gwangwala da Baba ya ajiye a rufin rumfa, na nuna masa. Na ba shi labarin ramuka da tsamiya. Yana ta rubutu cikin jin daɗi. Mutane suka taru, kamar yadda aka saba in an ga mota. Cikinsu har da Alhaji Bawa.

Alhaji ya ce, "Ranka shi daɗe, kada a sa ka rubuta abin da ba shi ne ba. Gado gwani na, ba mu hana mai ba. Amma zanen na Bature na. Wanga yaro da bakinai yag gaya man." Jama'a suka amsa, haka ne, haka ne.

Jami'in ya ɗago ya dube ni. "Malam Umaru, ka faɗa masa haka?"

Na ce na faɗa, amma ƙarya na yi.

Ya ce, "To yaushe ka yi ƙaryar, a lokacin ko yanzu?"

Ya juya wurin Baba da ladabi, ya tambaye shi ko yana da wata takarda, ko zane, ko wani abu a rubuce da zai nuna nasa ne. Baba ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa masa. Jami'in ya juya ta a hannu, ya dubi ƙulle-ƙullen, ya mayar masa.

Baba ya ce, "Ɗana, kai da kay yi karatu wurinsu, in kay yi abu mai kyau can, naka a ka cewa ko nasu?"

Jami'in ya sunkuyar da kai, ya ce, "Sau da yawa nasu, Baba."

Baba ya ce, "To ka san ciwon." Ya mayar da igiyarsa wuya ya koma bakin aiki.

Na ɗauka wannan ta isa. Ba ta isa ba. Mutum ɗaya da ya amsa da bakinsa cewa maƙaryaci ne, da tsoho mai igiya, a gefe guda. Gari guda da Alhaji a ɗaya gefen. Da littafin ya fito, wani malamin makaranta ya kawo mana. Ga hoton jirginmu, ya yi kyau ƙwarai. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa kafintocin Yauri ne ke ƙera shi bisa zanen da aka ce wani Bature ya bari. Babu sunan Baba ko a gefe. A cikin littafin da aka yi musamman don a nuna baƙar fata ya iya! Ina jin haushin jami'in nan har gobe, ina jin haushin Alhaji Bawa da duk wanda ya ce haka ne a ranar. Amma su ɗaukar ƙaryar suka yi, ni na ajiye ta.

Baba ya sa malamin ya karanta masa sau biyu. Washegari ya zo da gizagonsa da igiyar, ya ajiye mini a kan benci, ya ce idonsa ya fara gajiya. Idonsa lafiya lau, mutumin da ke hango kan ƙusa a cikin yashi. Bai sake taka rumfar nan ba, ya koma gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida. Damina biyu bayan haka Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. A wurin zaman makoki na ji wani yana yabonsa, yana cewa mutum ne mai riƙon amana, abin da Bature ya ba shi bai canza ko ƙusa ɗaya ba.

Bayan sadakar bakwai na tafi maƙera na sa aka yi mini ƙarfen nan, sunansa da boko da ajami. Tun daga ranar babu jirgin da ya bar hannuna ba a gasa shi an manna a bango ba, har sai katako ya yi hayaƙi. Wannan shi ne abin da kuka ce ɓata lokaci ne.

Kada kuma ku ɗauka ƙarfen ya gama aiki. Watan jiya jikan Alhaji Bawa ya zo ɗaukar jirgi, yaro mai karatu, da waya a hannu. Ya leƙa bango, ya karanta tambarin, ya ɗago yana murmushi ya ce mini, "Baba Umaru, ashe Gado ne sunan Baturen?"

Na zaunar da shi a kan bencin nan, na ba shi labarin da na ba ku yanzu, tun daga auduga. Ya saurara da ladabi har ƙarshe, ya yi mini godiya. Da ya sauka bakin ruwa ina jinsa yana kiran yaransa a zo a tura ɗan Bature.

Ku tashi ku hura wuta. Jirgin nan ba zai taɓa ruwa ba sai da sunan Baba Gado a jikinsa. In mai shi ya iso ku kira ni, shi ma sai ya zauna.